Kiwo ko yankan ciyawa: wanne ya fi rage tana a ƙasar makiyaya?

Mai Garke ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Shekara huɗu ke nan da na raba wani filin ciyawa da nake kula da shi gida biyu. Rabi na bar wa shanu da tumaki suna kiwo a ciki, rabi kuma na killace shi, babu dabbar da take shiga, sai dai a yanke ciyawar sau biyu a shekara, a shanya ta, a ɗaure, a kwashe domin ajiya. Ƙasar iri ɗaya ce, mai laka-laka da riƙe ruwa, kuma kafin rabon ban taɓa lura da wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne halin da tana take ciki yanzu. A ɓangaren kiwo, idan na ɗaga kashin shanun da ya fara bushewa, sai in tarar da tana a dunƙule a ƙarƙashinsa, amma a wajen mashaya da bakin ƙofar shinge ko ɗaya ba na samu, ƙasar ta yi tauri kamar an yi mata daɓe, ruwa kuma yana kwana a kanta. A ɓangaren yanka kuwa ƙasa tana da taushi ko'ina, sai dai kashin tana da nake gani da safe bayan an yi ruwa kamar yana raguwa shekara bayan shekara. Shin wanne ne ya fi yi wa tana illa, kiwon ko yankan? Shin raguwarta tana da wani tasiri a kan ciyawar da zan samu? Kuma ta wace hanya mutum zai ƙidaya ta ya daina dogara da ganin ido?

Malamar Ƙasa ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Mai Garke. Babu saɓani a cikin abin da ka gani, domin saniya guda ce take ciyar da tana da kashinta, ita ce kuma take rushe mata gida da kofatonta, kuma filinka ya nuna maka fuskokin biyu a wuri ɗaya.

Kafin a ce wanne ya fi illa, sai an san wace tana ake nufi, domin ba jinsi ɗaya ba ce. A shekarun 1970 wani masani ɗan Faransa, Marcel Bouché, ya kasa ta kashi uku bisa wurin zamanta da abincinta, kuma har yau da wannan rabon masana suke aiki. Kashi na farko su ne mazauna sama, ƙanana masu jan launi, waɗanda ba sa haƙa ramin zama, rayuwarsu duka a cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi take; suna da saurin hayayyafa, suna kuma da saurin mutuwa idan wuri ya bushe. Na biyu su ne mazauna tsakiya, masu kodadden launi, waɗanda ƙasar kanta suke haɗiya tare da matattun saiwoyi, suna ratsa ta a kwance a cikin 'yan santimitocin da ke kusa da sama. Daga cikinsu akwai wadda masana suke kira Aporrectodea caliginosa. Na uku su ne masu rami mai zurfi, irin su Lumbricus terrestris, babba ce, raminta a tsaye yake, yakan kai mita biyu, da dare take leƙowa ta ja ganye zuwa ciki. Wannan ta ukun tana da jinkirin girma, kuma rami ɗaya take riƙewa tsawon lokaci, saboda haka idan aka rasa ta a fili dawowarta ba abu ne na damina ɗaya ba.

To, yanzu dubi abin da kiwo yake yi wa kowane kashi. Mafi yawan sinadaran da saniya ta ci a cikin ciyawa ba sa zama a jikinta, suna komawa ƙasa ta kashi da fitsari, kuma saniya ɗaya takan yi kashi kusan sau goma ko fiye a yini. Kashin nan ciyawa ce da aka riga aka niƙa aka jiƙa, ga danshi, ga inuwa a ƙarƙashinsa, shi ya sa mazauna sama da masu zurfi suke tattaruwa a wurin kamar yadda ka gani. Sai dai rabon ba na adalci ba ne. Shanu sun fi zubar da kashi a inda suke kwanciya da inda suke shan inuwa, ke nan suna kwasar amfani daga ko'ina a filin suna tara shi a 'yan wurare, kuma wuraren nan su ne waɗanda kofato ya fi tattakewa.

Abu na biyu da ake yawan mantawa da shi shi ne numfashi. Tana ba ta da huhu, da fatarta take shaƙar iska, kuma fatar ba ta aiki sai tana da danshi. Ciyawa mai ɗan tsawo rumfa ce ga ƙasa. Idan dabbobi suka cinye ta ƙarƙaf, ko injin yanka ya aske ta har tushe, rana tana dukan ƙasa kai tsaye, saman ya yi zafi ya bushe, mazauna sama su mutu, mazauna tsakiya su nutsa su naɗe jikinsu a wani ɗan gurbi da suka shafe da yauƙi, su daina ci su daina haihuwa har danshi ya dawo. Ƙari a kan haka, ciyawar da ake yawan cinye ganyenta takan rage saiwa, saiwar da ta mutu kuwa ita ce babban abincin mazauna tsakiya.

A ra'ayina, kiwon da bai wuce kima ba yakan riƙe tana daidai da filin da ake yankewa a kwashe, sau da yawa ma ya fi shi, saboda abinci yana komawa ƙasa. Kiwo mai tsanani a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kuwa ya fi su duka ɓarna.

Game da ko raguwar tana da tasiri a kan amfani, eh, tana da shi. A shekarar 2014 masana a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka samu cewa kasancewar tana a ƙasa yana ƙara amfanin shuka da kusan kashi 25 cikin ɗari a matsakaici, kuma ƙarin ya fi fitowa inda ake barin ragowar tsiro a ƙasa. A ƙasar New Zealand ma, akwai makiyayun da aka shuka da ciyawar Turai alhali babu tanar Turai a cikinsu, matacciyar ciyawa ta taru a sama kamar tabarma. Da aka kai tanar aka saka, sai tabarmar ta shige ƙasa, ruwa ya riƙa ratsawa, ciyawa ta ƙaru.

Dattijon Ruga ya rubuta:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Sai dai ina so in ɗan matsa a kan wani wuri da nake ganin ta wuce shi da sauri, domin na daɗe a harkar dabbobi, kuma abin da na fi gani yana kashe ƙasa ba yawan shanu ba ne shi kaɗai, lokacin da aka sake su ne.

Saniya babba nauyinta yana kan kofato huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba, idan kuma tana tafiya nauyin yakan koma kan biyu ko uku. A kan busasshiyar ƙasa wannan ba ya yin wani abu mai yawa, ƙasa tana ɗauka. Amma a saki garken nan kwana ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi a kan ƙasa mai laka, kofato zai nutse, ya cuɗa ƙasar kamar mai kwaɓa yumɓu, ya toshe ƙananan kafofin da iska da ruwa suke bi. Kuma a daidai wannan lokacin ne tana take hawowa kusa da sama saboda danshi, ke nan ana tattaka ta ita kanta, ana murƙushe ƙwayayenta, ana kuma rufe bakin ramukanta. Kwana uku na irin wannan kiwon sun fi wata guda na kiwon rani ɓarna. Abin da ɗan'uwanmu ya gani a wajen mashaya shi ne ƙarshen wannan hanyar, wurin da ruwa yake zuba kullum, kofato kuma yake dawowa kullum.

Tumaki ba su kai shanu nauyi ba, ba sa nutsa ƙasa sosai, kashinsu kuma ƙanana ne masu warwatsuwa, amma suna da nasu aibin, domin bakinsu yana kama ciyawa har ƙasa, sun fi saniya aske fili. Wanda ya haɗa su biyu a fili ɗaya ba tare da hutu ba ya haɗa nauyin wannan da askin wancan.

Kada kuma a ɗauka cewa ɓangaren yanka ya tsira daga danniya. Idan da lauje ake yanka, to, babu magana. Idan kuwa da tarakta ne, a tuna cewa kofato yakan danne saman ƙasa ne, wajen santimita goma ko ɗan fiye, kuma saiwoyi da tana suna iya buɗe wannan idan aka ba su hutu, amma tayar injin mai nauyi, musamman idan tana jan kaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, danniyarta tana sauka can ƙasa inda gyaranta yake ɗaukar shekaru. Na sha ganin fili da layin taya ya fito a cikin ciyawarsa bayan an daɗe da wucewa.

Shawarata ga Malam Mai Garke ita ce ya raba ɓangaren kiwon ƙanana-ƙanana ya riƙa juya dabbobin, ya fitar da su tun ciyawa tana da sauran tsawo, ya hana su shiga idan ƙafarsa da kansa tana barin sawu mai zurfi a ƙasa, mashayar kuma ya riƙa gusar da ita idan da hali.

Akwai kuma wani abu ɗan gefe da ya kamata a sani. Maganin tsutsar ciki na dabbobi irin su ivamektin yana fita a cikin kashi da sauran ƙarfinsa, kuma an tabbatar yana kashe tsutsar ƙuda da ta buzuzu da suke fara farfasa kashin. Idan waɗannan suka rasu, kashin yakan daɗe a sama ya yi ɓawo mai tauri, ya kashe ciyawar da ke ƙarƙashinsa. Ba ina cewa a daina ba dabbobi magani ba ne, ina cewa a ba wadda take bukata a lokacin da take bukata.

Ɗalibin Noma ya rubuta:

Gaisuwa ga Malama da Baba Dattijo. Ni a kan ɓangaren yanka nake so in tsaya, domin nan ne mai tambaya ya ce yana ganin raguwa, kuma ina ganin ba wuƙar yankan ce take rage tana ba, kwashewar ce.

Duk lokacin da aka yanke ciyawa aka ɗauke, an fitar da abin da da zai ruɓe ya zama abincin tana, an kuma fitar da sinadaran da ciyawar ta zuƙo daga ƙasa. Idan aka yi haka shekara da shekaru ba tare da an mayar da komai ba, mazauna sama su ne za su fara ɓacewa saboda ba su da shimfiɗa, masu zurfi su biyo baya saboda babu ganyen da za su ja, mazauna tsakiya ne kawai za su jure domin saiwa tana nan. Shaida mai sauƙi a kan wannan tana wurin masu kula da filayen wasan golf, waɗanda ba sa son kashin tana a kan ciyawarsu: ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce kwashe duk abin da injin ya yanka, domin sun san inda aka bar shi kashin tana yana ƙaruwa. Abin da su suke yi da gangan domin su rage ta, shi ne mai ajiyar ciyawa yake yi ba da niyya ba.

Sai kuma batun abin da ake mayarwa, wanda a nan ne nake ganin haɗarin ya fi girma. A Rothamsted da ke Ingila akwai wani filin gwaji da ake kira Park Grass, wanda John Lawes da Henry Gilbert suka fara a shekarar 1856, kuma har yau ana ci gaba da shi. An raba filin ciyawar kashi-kashi, ana yankewa a kwashe, kowane kashi da irin takin da ake zuba masa. Kashin da aka daɗe ana zuba wa takin amoniyam salfet ba tare da farar ƙasar da take kashe tsami ba, ƙasarsa ta yi tsami ƙwarai, ma'aunin tsaminta (pH, wanda yake sauka idan tsami ya ƙaru) ya sauka ƙasa da 4, tana ta ɓace daga cikinsa, matacciyar ciyawa ta taru a sama ta ƙi ruɓewa. A kashin da ke maƙwabtaka da shi, wanda ake yankewa daidai da shi amma ƙasarsa ba ta yi tsami ba, tana tana nan. Yanka ɗaya, sakamako biyu. Saboda haka ina so Malam Mai Garke ya faɗa mana ko yana zuba wa ɓangaren yankan takin zamani, da kuma wane iri.

Takin dabbobi da ya ruɓe shi ne mafi dacewa a mayar wa irin wannan filin. A yi hattara dai da ɗanyen taki mai ruwa-ruwa wanda ya cuɗu da fitsari, domin idan aka malala shi da yawa a lokaci ɗaya amoniyar da ke cikinsa takan ƙone tana, har a wayi gari a gan ta a mace a sama. Kaɗan-kaɗan ya fi.

Game da ƙidaya, hanyar ba ta da wuya. A sami shebur a yanko ƙasa mai faɗin santimita 20, tsawo 20, zurfi 20, a juye ta a kan leda, a marmasa da hannu a tsince duk tanar da ke ciki, har da wadda ta maƙale a saiwa. Idan aka ninka adadin sau 25 an sami ƙiyasin abin da ke cikin murabba'in mita ɗaya. A ware manya daga ƙanana: babba ita ce mai ɗamara mai kauri a kusa da kai, kuma ita ce take haihuwa. Masu zurfi sukan tsere wa shebur, saboda haka ana dama garin mastad a ruwa a zuba a cikin ramin da aka haƙa, yajinsa ya dame su su fito. Ko kuma a duba sama a ƙirga 'yan tarin ganye da kashin da suke yi a bakin ramukansu. Rami ɗaya ba ya isa, a yi kamar goma a kowane ɓangare, a warwatsa su, kada a zaɓi ƙarƙashin kashin shanu kawai ko wajen mashaya kawai. A yi duka a rana ɗaya lokacin da ƙasa take da danshi, shekara mai zuwa kuma a maimaita a irin wannan lokacin, domin ƙidayar da aka yi a busasshiyar ƙasa ba ta nuna komai sai fari.

Mai Garke ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Ɗalibi ya taɓo inda ban yi tsammani ba. Lallai tun da na killace ɓangaren yankan nake zuba masa takin zamani mai amoniya duk shekara domin ciyawar ta yi tsawo, ban taɓa auna tsamin ƙasar ba, ban kuma taɓa mayar masa da takin dabbobi ba. Da tarakta kuma ake yanka. Tambayata ta ƙarshe ita ce: idan na daina yanka da kiwo gaba ɗaya a wani yanki, na bar shi ya huta shekaru, shin hakan ne zai fi dawo da tana?

Malamar Ƙasa ta rubuta:

Hutu na ɗan lokaci yana da amfani, Malam, musamman ga wuraren da kofato ya daɓe, amma barin fili gaba ɗaya ba lallai ne ya ba ka abin da kake nema ba. Da farko matacciyar ciyawa za ta taru, mazauna sama su yawaita, ƙasa ta riƙe danshi. Bayan wasu shekaru kuwa ciyawa mai kaushi da ƙananan itatuwa su ne za su mamaye wurin, su kori ciyawa mai laushi da tsire-tsire dangin wake, waɗanda ganyensu yake da naitirojin da yawa kuma tana ta fi so. Ganye mai tauri yana da yawa a ido amma abinci ne maras daɗi a wurinta.

Akwai kuma iyakar da kulawa ba ta ƙetarewa. Wani babban nazari da aka wallafa a shekarar 2019, wanda ya haɗa bayanai daga ƙasashe 57, ya nuna cewa ruwan sama da yanayin zafi su ne kan gaba wajen tsara yawan tana da jinsunanta a faɗin duniya. A wuraren da rani yake da tsawo da tsanani, gara da buzuzu ne suke ɗaukar kaso mai yawa na aikin shigar da kashi da ganye cikin ƙasa, don haka kada ka gwada adadin da ka samu da na wata ƙasa mai sanyi da ruwa; gwada ɓangarenka na kiwo da ɓangarenka na yanka, da kuma bana da baɗi.

Tun da ka ce takin amoniya kake zubawa shekara huɗu, ka fara da auna tsamin ɓangarorin biyu kafin ka canja komai, kana ɗaukar ƙasar daga santimita goma na sama, domin nan ne tsamin yake fara taruwa. Idan ya sauka ƙasa da 5.5, ka zuba farar ƙasa. Ka ɗaga wuƙar injin ta riƙa barin kamar faɗin yatsu huɗu na ciyawa, kada tarakta ta shiga sai ƙasa ta tsane, bayan yanka na biyu kuma, idan ciyawa ta sake tohowa, ka saki dabbobin su yi kiwo na 'yan kwanaki a wurin su bar masa kashinsu. Idan ka yi ƙidayar farko, ka kawo mana adadin manya da na ƙanana daban-daban, domin yawan ƙanana ne zai fara nuna ko haihuwa ta dawo.